Arbaiya da Tabarmar Masallaci

Tsakanin gidana da na Arbaiya katako biyu ne kacal. In gishirina ya ƙare, ta taga nake miƙa hannu ta zuba mini. In kuwa suna cacar baki da mijinta, ba sai na kasa kunne ba, maganar da kanta take shigowa ta same ni a bakin murhu. Tun muna amare muke a haka a Siblanga, gidajenmu a kan dirkoki, ruwan teku yana cika yana janyewa a ƙarƙashinmu, har yau da muka tara jikoki.

A cikin jirgi aka haife ta, ranar Laraba, shi ya sa aka raɗa mata Arbaiya, wato haifaffiyar Laraba a wajenmu. Iyayenta ba su taɓa kafa gida ba, inda kifi ya yi can suke. Kakarta, Mbo Lumaya, ita ta koya mata saƙar tabarma tun haƙoranta na gaba ba su gama fitowa ba. Tsohuwar ba ta da dogon bayani. Sai ta tsaga ganyen pandan, mai kama da kaba, sili-sili, ta rina, ta zaunar da yarinya kusa da gwiwarta tana cewa, "Ɗaga uku, danne biyu. Ja uku, fari biyu." Iyakar karatun ke nan.

Ta sha ba ni labarin tabarmarta ta farko. Ta fara da faɗi, ta ƙare a tsuke kamar wutsiyar kifi. Mbo ta ɗaga ta sama kowa ya gani, ta ce, "Arung, jikata, wa kika saƙa wa wannan? Mai kafaɗa babu ƙafafu?" Mutanen jirgi suka yi ta dariya. Arbaiya ta koma gefe tana warwarewa tana kuka, a wajen warwarewar ta gano cewa duk bayan 'yan layuka tana yar da sili ɗaya a baki. Daga ranar ba ta ƙara sa hannu a ganye ba sai ta ƙirga.

Tawasil ne ya kawo ta Siblanga. Ɗan nutso ne, mai faɗin ƙirji da yawan barkwanci, shi ya kafa dirkokin gidansu da hannunsa. Suka haifi Nuraya, bayanta Sabtal. Sabtal yana rarrafe aka kawo uban a kwance cikin kwalekwale. Ya yi nisa a ƙasan ruwa da tiyon iska a baki, injin ya mutu, ya taso da sauri fiye da kima. Ransa ya tsira, ƙafafunsa kuwa suka mutu. Arbaiya ta shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofa inda iska take shigowa, ta ɗaura zani ta kama saƙa ba ji ba gani. Da tabarma ta ciyar da gidan nan. Duk ƙarshen mako takan naɗe abin da ta saƙa ta kai kasuwar Semporna, ta dawo da rogo da kananzir.

Kamar yawancin 'ya'yanmu, nata ba su da takardar haihuwa, makaranta kuwa ba ta karɓar yaro sai da takarda. Nuraya ba ta san haka ba. Wata safiya ta wanke fuska, ta sa rigarta ta salla, ta bi gada har tudu, ta shiga sahun yara masu fararen riguna. A bakin ƙofa aka mayar da ita. Ina shanya lokacin da ta dawo, ta wuce ni ko gaisuwa babu, ta faɗa jikin uwar, wadda a yarenmu ake kira Ina.

"Ina, wata yarinya ta ce ni jaka ce, wai ko lissafi ban sani ba."

Arbaiya ba ta ɗaga kai daga saƙa ba. "Jiya da kawunki ya sauke kifi, wa ya raba shi gida biyar har ya fitar da kason mai jirgi?"

"Ni ce."

"Akwai wanda ya yi ƙorafi?"

"Wannan ai ba lissafi ba ne, Ina. Rabon kifi ne."

Tawasil ya fashe da dariya daga bakin ƙofa har yana tari. Arbaiya kuwa ba ta yi dariya ba. Da yamma ta leƙo ta tagata ta ce, "Salbiya, ni ban san abin da suke koyarwa a can ba. Amma yarinyar nan ba za ta girma tana ganin kanta jaka ba. Ki turo mini naki su ma, maimakon su wuni suna tsalle cikin ruwa."

Haka dandalin katakon da ke gaban gidanta ya cika da yara. Ba ta taɓa kiran abin makaranta ba, aiki kawai take raba musu. Wannan ya tsaga ganye, wancan ya ɗaure sili goma-goma, waccan ta jera ɗaurin biyar-biyar a kan igiya. Tana saƙa tana jefa musu tambaya kamar mai hira. In furen tabarma ɗaya yana cin jan sili shida, fure huɗu fa? Yau wata kwana nawa, kuma in za mu je tsintar kaguwa, kafin azahar ruwa zai janye ko bayanta? Ba ta ba da amsa. In yaro ya yi kuskure sai ta ce, "To, yi a hakan mu gani," ta bar shi har aikin ya nuna masa.

Tawasil yana da nasa fannin. Ya sa aka fafe masa katako mai ramuka, suna wasan zuba ƙananan katantanwa rami-rami, shi da duk yaron da ya ji zai iya. Da gangan yake maguɗi. Sai ya tsallake rami, ko ya ɓoye ƙwaya biyu a tafin hannu, ya tsuke fuska kamar liman. Yaran suka koyi ƙirga abin da ke cikin kowane rami tun kafin ya ɗaga hannu, don su kama shi.

"Bapa, bakwai ka ɗauka! Ya aka yi ka tsaya a nan?"

"Oto, kai yaro, tsoho kake zargi? Gurgu kuma?"

"Buɗe hannunka!"

In ya buɗe aka ga ƙwayoyin, ihu ake yi har a gidan liman a ji. Ni kaina na lura da canji a wajen autana, wanda da in ka aike shi ya sayo ƙwai shida sai ya dawo da biyar yana rantsuwa.

Nuraya ta zama budurwa ƙarama lokacin da iska ta kwashe rufin masallacinmu ta karya rabin dirkokinsa. Maza suka haɗu suka sake gina shi, ya ɗan fi na da girma. Da aka gama, Liman Jalmani ya zo har dandalin Arbaiya, ya zauna suka gaisa da Tawasil, sannan ya ce jama'a suna so a shimfiɗa tabarma ta saƙar hannu daga bango zuwa bango kafin sallar layya, ba ledar kanti ba. Arbaiya ta ce, "In Allah ya so."

Bayan ya tafi na ce mata, "Ke, da wane idon?"

Na daɗe da gani. Yanar ido ta fara rufe mata gani. Sau biyu ina kallonta ta ɗauki kore a zaton shuɗi, ta kuma daina zura zare a allura, sai ta kira yaro. Sai ta ce mini, "Hannuna bai makance ba. Idanu kuwa ga su nan birjik suna cin rogona kullum."

Ta tara yaran ta faɗa musu gaskiya, cewa ita ba ta gani sosai, aikin nasu ne, ita baki ce kawai. Suka ɗauki babbar tabarmarta ta biki suka kai masallaci suka gwada. Suka dawo da murna: masallacin ninki biyu ne a tsawo, ninki biyu a faɗi.

"To, ganye nawa za ku yanko?" in ji ta.

Sabtal ya yi caraf ya ce, "Ninki biyu na abin da ta biki ta ci mana."

Duk suka yarda. Arbaiya ta ce, "Ku ne masu idanu."

Ni na tuƙa su zuwa tsibirin da pandan yake. Suka yanko, suka cire ƙaya, suka dafa, suka shanya, suka murje, suka rina. Aka raba aikin sahu-sahu, dogayen tabarmi biyar da za a haɗa daga baya, kowace ƙungiya da tata. Arbaiya ta ce kowace ta kai kamu goma sha biyu. Tana zagayawa da rarrafe tana shafa saƙar da yatsu, in ta ji inda aka tsallake sai ta ja kunnen mai ita.

Aiki yana tsaka ganye ya ƙare ƙaf. Rikici ya tashi. Wasu suka ce 'yan ƙungiyar Sabtal ne suke ɓarna, wasu suka ce akuyar liman ce ta ci na shanya. Nuraya kuwa ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta kwaso ƙananan tabarmin cin abinci, ta shimfiɗa ɗaya, ta ƙara wata a gabanta.

"Ga ninki biyu a tsawo," ta ce. "Yanzu wa zai ninka mini faɗin?"

Wata yarinya ta sa ɗaya a gefe. Sai ga gurbi a kusurwa, fili fetal. Aka kawo ta huɗu aka cike. Yara suka tsaya suna kallon tabarmi huɗu a ƙasa, Sabtal ya dafe kai ya ce, "Kai! Ashe rabi muka yanko."

Da za mu koma tsibirin na matsa kusa da Arbaiya na ce, "Kin sani tun farko, ko?"

"Na sani mana."

"Shi ne kika bar ni da tuƙi sau biyu, da wannan bayan nawa?"

"Da na faɗa musu, da kafin gobe sun manta. Ke kuma tuƙin zai rage miki tumbi."

Amma akwai abin da ita ma bai zo mata a rai ba. Salla ta matso, aka gama sahu biyar, aka ɗauka da waƙa aka kai masallaci don a haɗa. Da aka shimfiɗa, babu biyu da suka zo daidai. Ta ƙungiyar Sabtal ta kai bango har ta naɗe. Ta Nuraya ta gaza kaɗan. Ta ƙananan yara kuwa ta tsaya can baya kamar an gutsure ta. Kowa yana rantsuwa kamu goma sha biyu ya auna. Arbaiya ta durƙusa ta shafa bakin kowace, ta zauna turus. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ce a hankali, "Na kunyata a gaban liman."

Yara suka kaure da zagin juna. Wata 'yar ƙarama mai suna Dayang, wadda tabarmarsu ta fi gajarta, ta fashe da kuka ta nuna Sabtal. "Ai kai ne ka ɓata! Da hannunka zalalo kamar na biri!"

"Ke kuma naki kamar na kaguwa!"

Nuraya ta ce, "Ku tsaya. Ku zo nan ku biyun." Ta haɗa gwiwar hannun Sabtal da ta Dayang, ta miƙar da su. Yatsun yarinyar ko wuyan hannunsa ba su kai ba. Ta jawo hannun uwarta ta gwada da nata. Shi ma da bambanci.

Yara suka shiga gwada hannuwansu da na juna. Can sai Arbaiya ta saki dariya har da hawaye. "Wayyo ni! Tun ina yarinya ni kaɗai nake saƙa, ni kaɗai nake awo. Ban taɓa tunanin kamu yana da mai shi ba."

Suka koma wajen Tawasil da labari. Ya sa aka kawo gora, aka yanke ta daidai kamun Arbaiya, aka yanka wasu huɗu a kanta, kowace ƙungiya ta ɗauki ɗaya. Ya nuna musu yadda za su ninka igiya biyu su sami rabin sandar, su sake ninkawa su sami rabin rabi, ya tsaga alama da wuƙa. Da sandunan nan kowace ƙungiya ta auna abin da ya rage mata, ta lissafa silin da za ta ƙara. Sabtal ya warware rarar tasu yana gunaguni, aka ba su Dayang ganyen. Manyan mata muka shigo muka taya su ɗinkin haɗi, amma awo da ƙirga ba mu sa baki ba, don sun fi mu sauri.

Ranar salla tabarma ta kwanta daga bango zuwa bango, ja da kore da ruwan ɗorawa. Akwai wuri ɗaya a sahu na uku inda furannin ba su haɗu ba, ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya. Liman ya ce a bar shi, nan ne wurin masu zuwa a makare. Sabtal da wani abokinsa suka ɗauko Tawasil a kan ƙyauren ƙofa suka bi da shi gada har cikin masallaci. Rabonsa da sallar jam'i tun kafin ya kwanta. Ya zauna a ƙarshen sahu yana shafa saƙar da tafin hannu, bai yi wa kowa barkwanci ba ranar. Ya ƙara wasu shekaru a duniya, kuma kowace Juma'a sai an kai shi.

Bayan rasuwarsa ne wata matashiya daga gari, Cikgu Rosnani, wato Malama Rosnani, ta zo da allo da alli ta roƙi a ba ta rumfa ta koyar da yaran da ba su da takarda. Mutane suka yi ta ɗari-ɗari, don mun ga masu zuwa su ɗauki hoto su tafi. Arbaiya ce ta fara ba ta wuri, a dandalinta. Malamar ta zauna kwanaki tana kallon yadda yaran suke ɗaure ganye da awo kafin ta rubuta komai a allo. Ranar da ta fara, ta ɗauki ɗauri uku na goma-goma da sili huɗu ta ajiye, ta rubuta alamar uku da ta huɗu a samansu. Nuraya, wadda a lokacin ta isa aure, ta zauna a bayan ƙananan yara tana jin kunya. Ba a yi nisa ba ta matso gaba. Da aka zo kan tsawo da faɗi, ta juya ta ce wa uwarta, "Ina, abin tabarmi huɗun nan ashe har suna gare shi, kuma ana rubuta shi a layi ɗaya."

"To, ki koya ki zo ki faɗa mini," in ji Arbaiya. "Ni ma ina so."

Su biyun suka shaƙu, malama da masaƙiya. Rosnani tana koya wa yara rubutu da safe, da yamma ta zauna tana koyon saƙa, Arbaiya tana ja mata kunne kamar kowa. Ita ce ta ji labarin likitocin ido da suka zo gari, ta kai Arbaiya da kanta. Aka cire yanar ido ɗaya. Da aka kwance bandeji abin da ta fara faɗa shi ne, "Salbiya, ashe haka kika tsufa ba wanda ya gaya mini?"

Har yanzu yaranmu da yawa ba su da takarda, wannan bai canza ba. Amma rumfar tana nan, an ƙara mata ɗaki. Rosnani ta yi aure ta koma gari, tana zuwa lokaci-lokaci. Nuraya ce take riƙe da ƙananan aji yanzu, da goyonta a baya. Sabtal kafinta ne, shi ake kira in za a kafa sabon gida, ya zo ya faɗi dirka nawa da katako nawa kafin a je saye. Arbaiya ta iya rubuta lambobi, manya-manya kamar dirkoki, amma ta ce alli yana ɓata mata hannu.

Watan jiya aka gayyace mu biki a wani tsibiri. Muka taru a bakin gada da kayanmu, ga buhunan rogo, ga tukwane, ga tabarmin gudummawa. Jirgin Sabtal ne, ya ce manya goma yake ɗauka ba ƙari, ya bar wa yara su tsara wa zai shiga tafiyar farko. Jikokinmu suka hau gardama. Yara biyu a matsayin babba ɗaya, buhu biyu ma haka. Wata jikar Arbaiya, wadda ba ta wuce shekara bakwai ba, tana nuna mu da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta zo kan kakarta ta tsaya tana dubanta sama da ƙasa.

"Me kike kallo?" in ji Arbaiya.

"Mbo, ke ɗaya da rabi ce."

"Ni? To, ita Salbiya fa?"

Yarinyar ta dube ni ta rufe baki da hannu. "Mbo Salbiya biyu ce."

Aka bar buhu ɗaya da samari biyu su jira dawowar jirgi. Muka shiga, Arbaiya a gaba, ni a tsakiya don kada mu karkata. Sabtal ya leƙa gefen jirgi ya ga inda ruwa ya tsaya, ya gyaɗa wa yarinyar kai, ya ja igiyar inji.